Ƙirjin Jarumi da Kafaɗar Manomi



Duk wanda ya karanta littattafan soyayya goma daga cikin waɗanda ake turawa a waya yanzu, ya san jarumin labari tun kafin a faɗi sunansa. Dogo ne, ƙirjinsa faffaɗa, damatsansa a murɗe, rigar kamar za ta yage. Akan ba ƙirjin nan sakin layi guda cur, wani lokacin a maimaita shi a kowane babi. Har yau ba mu ci karo da littafin da aka tsaya aka siffanta gadon bayan jarumi ba, balle allon kafaɗarsa. Finafinan Indiya da ake fassarawa ma haka suke, in Salman Khan ya tuɓe riga, gaba kyamara take haskawa. Madubin ɗakin saurayi shi ma gaban kawai yake nuna masa. A ganinmu, ciwon kafaɗar da ke damun 'yan ɗaga ƙarfe a yankinmu daga nan yake farawa: ana ta gina abin da ido ke gani, an manta da abin da ke riƙe da shi ta baya.

A garinmu Paki, da Ikara da Makarfi da Kudan har Hunkuyi, wurin ɗaga ƙarfe ba ya buƙatar allon sanarwa. Kango ne da ba a rufa ba, ko gindin dogon yaro a bayan gari. Kayan aikin kuwa kowa ya san yadda ake haɗa su. A kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa, a cika bokitin fenti, a soka bututun ƙarfe a tsakiya, in ya bushe a juya a yi wa ɗaya gefen. Kafinta ya buga benci, mai walda ya yi ƙafafu biyu masu baki kamar gwafa da za a riƙa ɗora ƙarfen. Wurin yakan cika ne bayan kaka, in an gama shigar da masara da waken suya. Akwai masu shirin neman aikin soja da ke mafarkin Depot ta Zariya, akwai 'yan dako, akwai 'yan acaɓa, akwai masu sha'awar dambe, akwai kuma waɗanda Sallah kawai suke jira su sa riga mai kama jiki. Duk da bambancin buri, layi ɗaya ake bi, layin benci. Mutum ya kwanta rigingine, ya sauke ƙarfe kan ƙirji, ya tura sama. Tambayar da ake yi wa baƙo ma guda ce: “Mutumina, nawa kake turawa?”

Wani abokinmu da muka yi firamare tare yana cikin masu shirin soja. Ƙarfinsa na gado ne, buhun masara shi kaɗai yake cicciɓa ya aza a kan babur. Ya shiga benci da rani, cikin wata biyu ya wuce waɗanda suka shekara a wurin. Sai wani ɗan tsinke ya fara tsikarar sa a gaban kafaɗar dama, daidai lokacin da ƙarfen ya taɓa ƙirji. Ya je wurin mai kemis aka ba shi diclofenac. Ciwon ya lafa, ya koma benci, ya ƙara nauyi. Da ƙwaya ɗaya ta daina aiki ya koma biyu. Kafin ruwa ya sauka ba ya iya kwanciya ta gefen dama, sa riga ma sai ya yi dabara. Da lokacin huɗa ya zo ya kama garma, hannun ya ƙi. Mahaifinsu ya manyanta, shi ne babba a gidan. Kuɗin da yake tarawa na lefe su aka riƙa zara ana biyan 'yan ƙwadago har damina ta fita, ranar tantance masu neman soja ta zo ta wuce yana gida. Mahaifiyarsa ta ce masa, “Kai ɗan nan, buhun masara bai karya ka ba, sai siminti?”

Tambayar Inna tana da amsa, amsar kuma tana cikin yadda aka halicci kafaɗa. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, kan ƙashin ya nutse cikin rami mai zurfi. Kafaɗa ba haka take ba. Kan ƙashin damtse dunƙule yake kamar lemo, amma mazauninsa a jikin allon kafaɗa ɗan faranti ne marar zurfi, abin da yake taɓawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Shi ya sa hannu ke iya juyawa kowace fuska, ya yi jifa, ya sosa baya, ya ɗaga sama a yi kabbara. Abin da ke riƙe lemon nan a tsakiyar faranti wasu ƙananan tsokoki ne guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin kamar yatsu sun damƙi ƙwallo. Ɗaya tana gaba, biyu suna baya, ɗaya tana sama, tana bi ta wani ɗan lungu a ƙarƙashin ƙashin da ya yi wa kafaɗa rumfa. Faɗin lungun nan kusan santimita ɗaya ne. Shi kansa allon kafaɗar ba a kafe yake ba, yawo yake a kan haƙarƙari, tsokokin baya ne ke jan linzaminsa.

To mai ɗaukar buhu rungumar kayansa yake yi, gwiwar hannunsa na manne da jiki, ƙafafu da ƙugu da baya su ke yin aikin. Mai kwanciya a benci kuwa ya cire ƙafafu daga lissafi, ya buɗe hannuwa, ya bar nauyin gaba ɗaya ya sauka a kan gaɓar da ta fi kowace sakewa a jikinsa. Tsokar ƙirji babba ce, tana saurin ƙarfi. Jijiyoyi da ƙananan tsokokin nan huɗu ba sa bin ta da wannan saurin. Wata biyu sun isa ƙirji ya iya tura abin da jijiya take buƙatar watanni da yawa kafin ta saba da shi.

Sai kuma yadda ake kwanciyar. Ku tsaya ta wajen kan mai turawa ku duba. Yawancin samarinmu buɗe gwiwar hannu suke yi har ta yi daidai da kafaɗa, jiki da hannuwa su zama kamar harafin T, su sauke ƙarfen kusa da wuya, wai a nan ƙirji ya fi buɗewa. A wannan yanayin kan ƙashin damtse yana turowa gaba, jijiyar da ke lungu tana shan matsa. Gyaran ba shi da tsada. A jawo gwiwar hannu kusa da jiki, tsakanin manne wa haƙarƙari da buɗewa gaba ɗaya, yadda in aka duba daga sama mutum zai yi kama da kan kibiya. Ƙarfen ya sauka a ƙasan ƙirji, wajen layin nono ko ƙasa da shi kaɗan. Kafin a cire ƙarfen daga gwafa, a matse allunan kafaɗa biyu su nufi juna, a ja su ƙasa kamar za a sa su a aljihun baya, a danne su a kan benci, kada a sake su har a gama. Wanda ya yi haka zai ji ƙirjinsa ya taso da kansa, kafaɗunsa sun koma baya sun samu wurin jingina. Tafin ƙafa biyu su kafu a ƙasa. Riƙon ma kada ya yi faɗi da yawa: in ƙarfen yana kan ƙirji, sandar hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu ta tsaya a miƙe tana kallon sama. Babban yatsa kuma ya zagaye ƙarfen. Masu jera shi da sauran yatsu suna cewa ya fi daɗi, amma bututu mai santsi da tafin hannu mai gumi ba su da alƙawari, kuma ƙarƙashin ƙarfen nan maƙogwaro ne. Don haka ma ba a hawa benci da nauyi mai yawa in babu mai tsayawa a kai.

Akwai wata ɗabi'a da ake tafa wa a kango, wato sakin ƙarfe ya faɗo ya bugi ƙirji ya yi tsalle, a tare shi a tura. A gasar duniya wannan faɗuwa ce. Kuma in ana maganar tura ƙarfe a benci, Najeriya ba 'yar kallo ba ce. A gasar Olamfik ta nakasassu, ɗaga nauyi gaba ɗayansa wannan turawar ce kaɗai, 'yan ƙasar nan kuma sun daɗe suna kwaso zinare a cikinta. Yakubu Adesokan ya tura kilo 180 a Landan a 2012 a ajin masu nauyin kilo 48, kusan ninki huɗu na jikinsa. Lucy Ejike ta tura kilo 142 a Rio a 2016. Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Paris a 2024, ta kafa tarihin duniya. Ku nemi bidiyonsu ku kalla, ku bar kallon lambar kilon, ku kalli shirin da suke yi kafin su taɓa ƙarfen, yadda suke gyara baya su dasa kafaɗa. Ƙa'ida ta tilasta musu su sauke shi cikin natsuwa, ya tsaya cak a kan ƙirji, sannan su tura hannu biyu su miƙe tare. Su ma da masu horarwa da likitoci a gefensu, kafaɗa ce gaɓar da ta fi ba su wahala. Ina ga wanda mai horar da shi ihun abokai ne?

Matsalar da ta fi zama tamu ta kanmu ita ce simintin. Lita ɗaya ta kankare tana kai kilo biyu da kusan rabi. Galan ɗin fenti mai lita 4 zai ba da kusan kilo 10, babban bokiti mai lita 20 zai ba da kusan kilo 48. Biyunsa a kan bututu sun kai kusan kilo 96 kafin a lissafa bututun. A yawancin wurarenmu ƙarafa uku ne ko huɗu, ƙarami da matsakaici da babba, kuma a kafe suke, ba a ragewa ba a ƙarawa. A wuraren motsa jiki na birni akwai faifai mai kilo ɗaya da kwata, akwai mai biyu da rabi, mutum yana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya. Namu saurayin in ya gaji da matsakaici, tsallen kilo ashirin ko talatin zai yi a rana ɗaya, ga jama'a na kallo. A wannan tsallen kafaɗu da yawa suka tafi. Murfin tukunya ko tsohon faranti ya isa a zuba siminti a fitar da ƙananan faifai masu huda a tsakiya. In hakan ya yi wuya, a ɗure yashi a leda kilo ɗaya ɗaya a ɗaura a gefe biyu. Bencin gasa faɗinsa santimita 29 zuwa 32 ne. Kafinta in ba a gaya masa ba, ko ya yi siriri da allon kafaɗa zai rasa wurin zama, ko ya yi bencin majalisa.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri, kuma aka fi raina shi, shi ne ja. Benci turawa ne. Duk turawa ɗaya tana son ja ɗaya, in kafaɗar ta fara ƙorafi ma a ninka jan. A sunkuya da miƙaƙƙen baya a jawo ƙarfe zuwa ciki. A kama reshe ko ƙarfen da aka gicciya a ja jiki sama. Kakanninmu da suka rayu da jan guga a rijiya da fartanya a gona suna yin wannan kullum ba tare da sun sa masa suna ba. Ƙananan tsokokin nan huɗu kuwa ba sa son nauyi, naci suke so. Robar cikin tayar keke da ta mutu ta isa. A ɗaure ta a ƙyaure ko a bishiya daidai tsayin cibiya, a manne gwiwar hannu da haƙarƙari, a ja robar zuwa waje a hankali kamar ana buɗe taga, sau goma sha biyar zuwa ashirin, a juya ɗaya hannun. Ba abin burgewa ba ne, babu wanda zai ɗauke ka hoto kana yi, wataƙila ma a yi maka dariya. A yi shi kafin a hau benci, a fara turawar da bututu marar kaya ko mafi ƙanƙantar ƙarfe, musamman da asubar hunturu da jiki yake a sandare. Benci sau biyu a mako ya ishi mai neman ƙirji, tsoka a ranar hutu take ginuwa.

Wannan robar ba ta 'yan ƙarfe kaɗai ba ce. Mu da muke duƙufa a kan waya awa uku muna buga babi da manyan yatsu biyu, kafaɗunmu a gaba suke kwana su tashi. Wanda ya taso daga wannan zaman ko daga kan babur ya faɗa benci kai tsaye, da wuya ya iya mayar da allon kafaɗarsa baya yadda ake so.

In ciwon ya riga ya zo, abu na farko shi ne a gane irinsa. Tsamin jiki na motsa jiki yana cikin naman ne, gefe biyu, yana tasowa washegari, ya yi kwana biyu ko uku ya wuce. Wannan ba abin damuwa ba ne. Na gaɓa wuri ɗaya yake, mutum zai iya nuna shi da yatsa, yana suka a wani mataki na motsi, sau da yawa in an ɗaga hannu ta gefe ya kai tsakiyar hanya, kuma yana tayar da mutum daga barci in ya kwanta a kansa. Wani kuma a can sama yake, a kan ɗan tudun da ƙashin da ya taso daga gindin wuya ya haɗu da kafaɗa, yana tsananta in an kai hannu a dafa ɗaya kafaɗar. Wannan mahaɗar ƙarama ce, yawan turawa da nauyi yana cinye bakin ƙashinta a hankali, har likitoci suna yi wa ciwon laƙabi da kafaɗar mai ɗaga ƙarfe.

Irin waɗannan ba sa son a ci gaba da abin da ya kawo su, ba kuma sa son a rataye hannu a daina motsa shi. A ajiye babban ƙarfe. A koma nauyin da ba ya tayar da sukar, ko da rabin na da ne. A matso da riƙo ciki kaɗan. In taɓa ƙirji ne ke kawo ciwon, a sauka daga benci a kwanta a tabarma a tura daga ƙasa, ƙasar za ta tare gwiwar hannu kafin ta wuce inda ake jin zafin. A ci gaba da ja da roba. Ma'aunin mai sauƙi ne: in washegari ciwon ya fi na jiya, an yi yawa, a rage. Jijiya ba ta warkewa a mako ɗaya, a sa ran makonni shida zuwa sha biyu. Nan ne samari ke karaya, domin ƙirjin da aka tara yana ɗan saɓewa, abokai kuma suna tambaya ko an yi sanyi ne.

Sai su koma kemis. Diclofenac da 'yan uwansa suna rage zafi da kumburi na 'yan kwanaki, amma ba sa ɗinke jijiya. Shan su kullum yana cin bangon ciki ya kawo gyambo, yana kuma taɓa ƙoda, musamman ga wanda ya yini a rana yana gumi bai sha ruwa ba, ko mai azumi da ya haɗiya da sahur ya fita aiki. Haɗarinsu ga mai ɗaga ƙarfe ya wuce nan, domin suna kashe ƙararrawar da ke gaya masa ya tsaya. Tramadol kuwa ba sai mun tsaya bayani ba, kowa a yankin nan ya san gidan da ta shiga. Masu ɗori suna da gurbinsu a al'ummarmu, muna girmama su, amma jijiyar da ta ƙule ko ta tsage ba karaya ba ce, murza ta da ƙarfi da ɗaure hannu na makonni yana iya barin kafaɗar a sandare.

Akwai alamun da ba a jira da su. In ana cikin turawa aka ji wani abu ya tsinke a ƙirji ko hammata, wurin ya kumbura ya yi baƙi har zuwa damtse, naman gaban hammata ya shafe ko ƙirjin gefe ɗaya ya tattare, wannan tsokar ƙirji ce ta rabu da ƙashi. Benci ne ya fi kawo irin wannan rauni, kuma ɗinkinsa ya fi yin kyau in an yi shi cikin makonnin farko. Haka in hannu ya kasa ɗaguwa sam, ko kafaɗar ta goce, ko yatsu suna mutuwa, ko ga kumburi ga zazzaɓi. Ciwon kafaɗar hagu da ya zo da nauyin ƙirji da gumi da ƙarancin numfashi maganar zuciya ce, a nufi asibiti a lokacin. Mai cutar sikila kuma kada ya ɗora ciwon kafaɗarsa a kan ƙarfe kawai, domin cutar kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin damtse kamar yadda take yi wa na ƙugu. Daga Paki a fara da babban asibitin Ikara. In abin ya fi ƙarfinsu akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, duka suna da sashen gashin ƙashi. A sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, don haka in an ce hoto ya fito lafiya ba yana nufin ciwon ƙarya ba ne.

Abokin namu a sashen gashi ya ƙare, kuma abin da aka ba shi bai wuce roba da wasu motsi da zai riƙa yi safe da yamma ba. Ya yi wata uku yana yi kafin ya iya kwana ta gefen dama. Da ya samu sauƙi ya ce lallai sai an auna babban ƙarfen da ya yi masa aika-aika, domin ya daɗe yana jin hannun damansa ne ke makara wajen miƙewa. Aka ɗauko aron sikeli wurin mai sayen hatsi, aka ɗora kowane gefe dabam, ɗayan yana kan bulo. Gefe ɗaya ya fi ɗan uwansa da kilo huɗu, ga shi bututun ba shi da wata alamar tsakiya, kowa inda hannunsa ya faɗa yake kamawa. Mai wurin, wanda kowa ke kira Oga, ya daɗe yana kallon allurar sikelin. Ya aika yaro ya karɓo guduma da kurfi aka sassaƙe mai nauyin har suka zo daidai, sannan ya auna bututun da igiya, ya naɗa baƙin salatif a wuri biyu inda hannu zai riƙa zama.